Ku Tambayi Anti: Yarana sun dage sai sun kai karnuka daji cikin wannan marka

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Muna zaune a Jos wajen Lamingo, maigidana ya ajiye karnuka biyu saboda gadi, tun da aka kawo su kullum suna ɗaure a bayan gida, da dare haushi ba barci. Yanzu yara suna hutu sun dage wai sai sun riƙa fita da su daji wajen duwatsun nan na bayanmu da yamma, ni kuma gabana faɗuwa yake ga ruwa kullum ga ciyawa ta yi tsawo, sannan in sun dawo duk tsakar gida taɓo ne ni ce da wanki. Surukata ma ta ce a bar su a ɗaure kawai. Don Allah ya zan yi? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Ƴar uwa sannu da fama. Gaskiya yaranki suna da hujja, kare da yake wuni ya kwana a sarƙa dole ya yi ta haushi, kuma irinsa ne yake zama mafaɗaci har wata rana ya kai wa na gida cizo. Tunda an ajiye shi haƙƙinsa yana wuyanku, abinci da ruwa da inuwa da kuma motsa ƙafa. Surukarki kuma ki lallaɓa ta da girmamawa, ki nuna mata in suna fita haushin daren zai ragu kowa ya samu barci, ina ganin za ta fi kowa murna.

Amma tsoronki ma a kan hanya yake, don Agusta zuwa Satumba a Jos ba lokacin sakin yara su kaɗai cikin daji ba ne. Babba ya bi su, ko babansu ko wani yayansu mai hankali, kuma a daidaici lokacin da gari ya washe, in hadari ya haɗo a juyo gida, kan dutse ba wurin tsayawa ba ne ana tsawa.

Kafin ma a fita ki tambayi maigida, an yi wa karnukan allurar rigakafin haukan kare? Ana fara yi tun kare yana wata 3 sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Ku kam abin a kusa yake, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa nan a Vom tun 1924 take, can ma ake haɗa irin wannan rigakafin, ga kuma likitocin dabbobi cikin gari. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, shi ya sa nake matsa wa mutane a kai. In tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti a ranar, kar a tsaya shafa wani abu.

Igiya kuma kar a sake ta. Yanzu gonaki cike suke da masara da acca, ga makiyaya da shanunsu, kare ya shiga gonar wani ko ya kori maraƙi sai magana ta girma, kin san halin da ake ciki ba sai na faɗa miki ba. A bi hanyar da ƙafa ta saba, a guji ciyawa mai duhu da ramukan ƙarƙashin duwatsu inda kare yake son cusa hanci, nan macizai suke fakewa. Yara su sa dogon wando da takalmi mai rufi. In maciji ya sari kare kar a tsaga wurin kar a ɗaure, a ɗauke shi zuwa wajen likita. Sannan kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bari, suna da zurfi sosai kuma bakinsu santsi ne da damina, kar kare ya ja yaro zuwa can.

Abin da ya fi damuna dai kaska ce. Da zarar an dawo kafin su shiga gida a duba cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa da gindin wutsiya. In an gani a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali ta fito da kanta, kar a ƙona ta da ashana, kuma don Allah kar a yi wa kare wanka da kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya, na san ana yi amma guba ce tana shiga ta fata kuma zai lashe. Akwai maganin kaska na karnuka, likita zai faɗa muku awon da ya dace da nauyinsu. In kin ga kare ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya koma ja, to alamar ciwon da kaska ke sawa ne, kar a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, a kai shi a duba jininsa. Yaran ma a duba ƙafafunsu da kawunansu. Wurin kwanan karnukan ya zama busasshe an ɗaga shi daga ƙasa, don kwanciya a ƙasa mai laima da fitsari ita ke kawo ƙurjin nan mai tsutsa a ciki.

Maganar taɓo kuwa, wanda ya fita da kare shi ke da wankin ƙafarsa. Ki ajiye bokiti da tsumma na daban a bakin get, kwanonsu ma daban kar ya haɗu da na kicin, yara su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa abinci. Ki gaya musu tun yau cewa duk ranar da kika ga sawun taɓo a tsakar gidanki washegari babu fita.