Tambayoyin Masu Karatu: Ina Iyakar Ikon Shugaban Amurka Kan Korar Baƙi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanena yana Amurka kuma bizarsa ta ƙare, ga shi ina jin duk shugaban da ya hau sai ya sauya jerin waɗanda za a fara kora. Shin doka ta sakar masa mara ya yi yadda ya so? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo wa ƙanenka mafita. Majalisar Dokoki ce ke kafa dokar shige da fice, shugaban ƙasa kuwa kundin tsarin mulki ya ɗora masa aiwatar da ita. Sai dai baƙi marasa takardu sun haura miliyan 11, alhali a 2014 Ma'aikatar Shari'a ta ce kuɗin da aka ware ba su isa korar fiye da kimanin 400,000 a shekara ba, don haka dole a zaɓi waɗanda za a fara da su.

A 2021, zamanin Shugaba Biden, sakataren tsaron cikin gida, Alejandro Mayorkas, ya umarci jami'ai su fi mayar da hankali kan masu barazana ga tsaron ƙasa da tsaron jama'a da waɗanda suka tsallako iyaka ba da jimawa ba. Jihohin Texas da Louisiana suka kai ƙara, amma a watan Yuni na 2023 alƙalai 8 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce jihohin ba su da hurumin shigar da ita, ko da yake sun nuna cewa hukuncin na iya bambanta idan gwamnati ta yi watsi da aikin gaba ɗaya.

Inda ikon ke raguwa shi ne lokacin da shugaba ya wuce kawar da kai ya fara bayar da izinin aiki. Shirin Obama na 2014 na jinkirta korar baƙi marasa takardu da 'ya'yansu 'yan ƙasa ne tare da ba su izinin aiki, kotu ta dakatar da shi, kuma da alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu a 2016, dakatarwar ta tabbata. Soke shiri ma yana da ƙa'ida, domin a 2020 kotun ta hana gwamnatin Trump rushe DACA, shirin da ke kare waɗanda aka shigo da su Amurka suna yara daga kora, saboda ba ta kawo gamsassun dalilai ba.

Abin da ya fi damuna game da ƙanenka shi ne, rashin kasancewa cikin jerin farko ba takardar zama ba ne, kuma a Janairun 2025 Trump ya soke tsarin Biden da sa hannu ɗaya. Ka shawarce shi ya nemi lauya mai lasisi kan harkar shige da fice tun kafin a aiko masa da sammaci.