Za mu je ganin ɗanmu a sansanin yara a jihar Maine, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Bronx muke zaune, cikin birnin New York. Babban yarona ɗalibin jami'a ne, bana ya samu aikin kula da yara a wani sansanin hutun bazara kusa da tafkin Sebago a jihar Maine. Rabonmu da shi tun tsakiyar Yuni, wayarsa kuma kullum a kashe. Ga shi kakarsa ta zo daga Kumasi, ta ce ba za ta koma ba sai ta sa shi a ido. Mun ga an sa ranar ziyara a ƙarshen Yuli, shi ne muke so mu shida mu hau mota mu yi masa ba-zata, da abinci da kilishinsa. Me ya kamata mu sani? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya ƙara wa kakarsa, Hajiya Babba, lafiya da nisan kwana. Tafiyar za ta yiwu, amma ki janye abu biyu daga shirin naki: ranar da kika zaɓa, da maganar ba-zata.

Wannan ranar ziyara ba taku ba ce. An ware ta ne domin iyayen yaran da aka kai hutu, kamar dai ranar biziti a makarantar kwana, inda malamai ne suka fi kowa shan wahala. Ɗanki ranar zai tashi tun da sassafe ya sa yaransa su gyara ɗaki, ya tsaya nuna wa motoci wurin fakin, ya yi ta gaisawa da iyaye yana amsa tambayoyinsu, da yamma kuma ya koma lallashin masu kuka bayan iyayensu sun tafi. In kun zo, iyakacinta ya ɗaga muku hannu daga nesa. Sannan a irin waɗannan ranaku masaukan garuruwan Naples da Bridgton da Raymond da ke yankin tafkin sukan cika tun watanni kafin lokacin, abin da ya rage kuma da tsada.

Ba-zata ma ba ta yiwuwa, domin ba a shiga sansani haka kawai. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsu, kuma kowane ma'aikaci sai an binciki tarihinsa kafin a ɗauke shi. Baƙo zai fara zuwa ofis ya rubuta sunansa, wani wurin a maƙala masa shaida a riga, kuma ba ya yawo sai da ɗan rakiya. In ba su san da zuwanku ba, a ƙofa za a tare ku, ku kuma jefa yaron cikin jin kunya gaban shugabanninsa. Kashe wayar ma doka ce: yawancin sansanoni suna hana ma'aikaci riƙe waya a gaban yara, sai da dare ko lokacin hutunsa, ga shi sabis a dazukan Maine sai a hankali.

Abin da za ki nema shi ne ranar hutunsa. Masu wannan aiki sukan samu hutun kwana ɗaya, galibi kusan kowane mako, kuma akan tsara jadawalin tun da wuri. Ki tura masa saƙo ki jira, zai gani da dare. Ya faɗa miki ranar, da ƙarfe nawa za a sake shi, da ƙarfe nawa dole ya koma, don makara a nan laifi ne babba. Shi ne kuma zai nemi izini wurin shugaban sansanin in kuna so a zagaya da kakarsa ta ga inda yake kwana. Sau da yawa sukan yarda da ɗan gajeren zagaye, amma ba za a bar ƙannensa su shiga ruwa ko su hau kwale-kwale ba, saboda inshora ba ta ɗauke su ba. Kada kowa ya ɗauki hoton yaran mutane, balle a sa a Facebook ko WhatsApp. Ki ja wa 'yan matan gidan kunne tun daga gida.

Yanzu ga maganar kilishi, kuma ina roƙonki ki ɗauke ta da muhimmanci. Labun da ake tsoma kilishi a ciki da tunkuzar gyada ake haɗa shi. Yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, dambun nama ma sau da yawa da man gyada ake soya shi. A Amurka akwai yara da yawa da ɗan ɓurɓushin gyada kan kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya sarƙe cikin mintuna, shi ya sa sansanoni da dama suka haramta shigo da duk abin da ya taɓa gyada. Ɗanki yana kwana ɗaki ɗaya da yara takwas ko goma, yana riƙe hannunsu, yana zuba musu abinci. Ku kawo kilishin, ya ci ya ƙoshi a waje, ya wanke hannu da sabulu kafin ya koma, ragowar ku dawo da ita Bronx. Ko da ba gyada ma, ajiye abinci a ɗakin katako cikin daji gayyatar ɓeraye da sauran dabbobi ne.

Hanyar kuwa kimanin mil 330 ce, kusan kilomita 530. Ana iya cinye ta cikin awa 6 in ba cunkoso, amma da tsohuwa da yara ku ƙiyasta 7 zuwa 8. Ku bi babbar hanyar I-95 zuwa New Haven, ku hau I-91 zuwa Hartford, sai I-84 da ɗan guntun I-90, daga nan I-290 ta Worcester zuwa I-495, wadda za ta kewaye muku Boston. Za ku sake haɗuwa da I-95, ku ratsa New Hampshire cikin 'yan mintuna, ku tsallake gadar kogin Piscataqua, kun shiga Maine ke nan. Daga wajen Portland sai hanya mai lamba 302 ta Windham da Raymond zuwa Naples. Ku tafi da E-ZPass, na'urar biyan kuɗin hanya da ake maƙalawa a mota, don tun 2016 babbar hanyar Massachusetts ta daina karɓar kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, in ta haya ce kamfanin ya ɗora nasa a kai. Yammacin Juma'a da safiyar Asabar kowa Maine ya nufa, yammacin Lahadi kowa yana dawowa. In hutun nasa ya faɗo Talata ko Laraba, kun yi sa'a. Ku sauke taswira a waya tun daga gida.

Kada maigida ya ce zai je ya dawo rana ɗaya. Ku tafi ana gobe hutun, ku kwana a Portland ko Lewiston, da safe ku ɗauko shi. Ku kuma ƙirga kujeru da kyau: ku shida ne a tafiya, amma da shi kun zama bakwai, kowa da nasa bel, ƙananan kuma a kujerar yara, wadda dokar New York ta wajabta har yaro ya kai shekara 8.

Lewiston nake fi ba mutanenmu shawara. Tun 2001 Somaliyawa suka fara zama a garin, a titin Lisbon akwai shagunan naman halal da gidajen abinci, akwai masallatai, kuma bai kai awa ɗaya daga yankin tafkin ba. Nisan tafiyarku ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka gindaya nesa ba kusa ba, don haka kasaru ta halatta. Sai dai ki duba jadawalin salla na can: a Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare, alfijir kuma tun wajen uku yake ketowa.

Ranar da kuka ɗauko shi, kada ku cika masa ita da yawo. Wanda ya yi makonni yana tashi tsakar dare saboda yaron da ke kewar gida, barci yake so, da wanka da ruwan zafi, da wankin kaya, da tuwon gida. Ku shimfiɗa tabarma a wurin shaƙatawa na gwamnati da ke bakin Sebago, ana biyan kuɗin shiga kaɗan, a buɗe kula, ya zauna kusa da kakarsa su sha hira. In ya ɓingire da barci ku ƙyale shi. Ku riƙo wa Hajiya Babba rigar sanyi, don da yamma bakin ruwa kan yi sanyi ko a Yuli. Kuma Maine na cikin jihohin da cutar Lyme ta fi yawa, wadda wata ƙaramar kaska ke yaɗawa. Kafin kwanciya ki duba bayan gwiwar yara, da hammata, da bayan kunne, da cikin gashi. In kin ga kaska ki cire ta da hantsaki daga tushe, in kuma jan zagaye a fata ko zazzaɓi ya biyo baya ku ga likita.

In ranar hutun ta ƙi daidaituwa da aikin maigida, yawancin waɗannan sansanoni suna tashi ne wajen tsakiyar Agusta, ma'aikata kuma su ƙara kwana ɗaya ko biyu suna tattara kaya. In tikitin Hajiya Babba ya kai lokacin, ku je ku ɗauko shi gaba ɗaya, ku bar wa jakunkunansa wuri a but.