Tambayoyin Masu Karatu: Jinyar Mahaifina a Ƙagaggen Labari

Tambaya: Malama, na yi jinyar mahaifina wata 7 a gidanmu da ke unguwar Birni, bayan likita ya ce ciwon dajin ya yi nisa, sai dai a lallaɓa. Mun ɓoye masa gaskiya, kullum muna ce masa sauƙi yana nan tafe, har Allah Ya karɓi abinSa ba mu nemi gafarar juna ba. Ina so in rubuta ƙagaggen labari a kan wata ɗiya da ta yi irin wannan jinya, amma yayana ya ce tonon asirin gida ne. Ya dace in rubuta?
Wata mai karatu, Damagaram

Amsa: Ɗiyata, Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ki rubuta. Maganar yayanki tana da nauyi, amma maganinta mai sauƙi ne: ki sauya suna da unguwa da sana'ar tsohon, ki kuma ba yayanki ya karanta kafin kowa.

Abin da na fi jiye miki shi ne kada labarin ya koma wa'azi. A ganina marubutanmu sun cika gaggawa da mutuwa, mutum ya kwanta a shafi ɗaya, a shafi na gaba an kai shi makwancinsa, alhali rayuwar da ke tsakani ita ce ke kika sani. Ki nuna mana ɗiyar tana wanke zannuwan gado kafin asuba don kada ƴan dubiya su gani, tana jiƙa leɓen tsohon da auduga a zafin watan Afrilu bayan ya daina haɗiye kunu, da yadda yake kau da kai saboda kunya idan za ta juya shi.

Ciwon ma ki faɗe shi yadda yake, domin da yawa ba su san cewa rage raɗaɗin wanda ba a sa ran warkewarsa fanni ne mai zaman kansa a likitanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 suke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari kawai suke samu. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai jiran ajali bai tsaya a jiki ba, ya haɗa da fargaba da damuwar iyali da halin da ruhinsa yake ciki. A nan ne ɓoyon da kuka yi yake da muhimmanci a labarin, domin sau da yawa majinyaci ya riga ya gane, yana yin shiru ne don ya tausaya wa masu tausaya masa. Na ga haka ga yayar mahaifiyata, wadda ta riƙa amsa mana da "in sha Allahu" alhali tana raba tufafinta a ɓoye.

Kada ki tilasta wa ɗiyar labarin ta daina kuka da ƙarewar zaman makoki. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma nadama takan zo ne bayan masu ta'aziyya sun watse. Ki fara babin farko daga daren da tsohon ya kira sunanta, ta matso, ya yi shiru, sannan ya ce ta ba shi ruwa.