Takarda Ta Ce 1975 Kawai, Kwamfuta Ta Ce Sai Da Rana Da Wata

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni nake riƙe da takardu a ofishin wani mai unguwa a cikin birnin Kano. An kawo mana manhajar ajiyar takardu, muna ɗaukar hoton tsofaffin takardun cinikin gidaje da filaye muna zubawa a ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin kwanan wata: manhajar ba ta karɓar takarda sai an cike rana da wata da shekara. To, da yawansu shekara kawai aka rubuta, wasu da Hijira, wasu kuma gara ta cinye wurin, sai dai dattijai su ce "ai shekarar canjin kuɗi aka yi wannan cinikin." Wanda ya girka mana manhajar ya ce in riƙa sa 1 ga Janairu. Na fara, amma hankalina bai kwanta ba. Ina mafita? Ɗanka, daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Dakata haka nan, kuma ka koma ka nemo duk waɗanda ka riga ka sa wa Janairun tun kana iya tuna su. Ni da kaina na taɓa faɗa wa wannan ramin, shi ya sa nake maka magana da zafi.

Lokacin da aka fara kawo kwamfuta rajistar da na yi aiki, ni ma dabarar da na yi ke nan, har ina jin kaina gwani. Akwai takardu biyu a kan fili ɗaya. Ta farko "1975" kawai aka rubuta a ƙasanta, ta biyu kuma 14 ga Maris 1975. Na sa wa ta farko 1 ga Janairu na wuce. Bayan shekaru magada suka tashi da rigimar wa ya riga saye, wani yaron akawu ya buga jeri daga kwamfuta, jerin ya nuna ta farko ta girme wa ta biyu da wata biyu da rabi. Ɗaya ɓangaren har sun fara murna. Allah ya taimaka fayil ɗin yana nan cikin kabad, aka ciro aka shimfiɗa a tebur, kowa ya ga babu wata Janairu a jikin takardar. Daga yatsana ta fito. Mai yiwuwa a Disamba aka rubuta ta. Ban manta kallon da wani dattijo ya yi mini ran nan ba.

Ita kwamfuta ba taurin kai take yi maka ba, lissafi kawai ta iya. A wurinta kwanan wata adadi ne na kwanaki. Manhajar lissafi ta Excel, alal misali, tana ƙirga 1 ga Janairu 1900 a matsayin rana ta ɗaya. Gwada da kanka: rubuta 1975 a gurbin da aka ware wa kwanan wata, za ta mayar maka da shi 28 ga Mayu 1905, don ta ɗauka kwana na 1975 kake nufi. Ka ba ta wata da shekara, ta ƙara 1 ga wata a ɓoye ba tare da ta tambaye ka ba. Abin da ya gabaci 1900 kuwa ba ta ma san kwanan wata ba ne. Wasu manhajojin daga 1 ga Janairu 1970 suke fara ƙirga, shi ya sa in ka ga tulin takardu duk da wannan ranar, to gurbi ne aka bari babu komai. Ga kuma 03/04/1975, wanda mu muke karantawa 3 ga Afrilu, na'urar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta 4 ga Maris.

Abin da za ka nema a wurin mai girka manhajar ba wani abu mai wuya ba ne. Ya cire tilas daga wannan gurbin, ya ƙara maka gurbin rubutu zalla, inda za ka kwafi abin da ke jikin takarda harafi da harafi, ko da "bayan babbar salla" ne. Sai gurbi biyu na lissafi: ranar da takardar ba za ta gabace ta ba, da ranar da ba za ta wuce ta ba. Mai 1975 kawai, farkonta 1975-01-01, ƙarshenta 1975-12-31. Da waɗannan biyun kwamfuta za ta riƙa jerawa da bincike, mutane kuma su riƙa ganin na farkon. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Manhajar AtoM da gidajen adana tarihi suke amfani da ita haka take, gurbin nuni ɗaya, na farko da na ƙarshe daban. Ni dai nakan ƙara na huɗu, na dalili: wa ya yi ƙiyasin, kuma da me ya dogara. Wannan gurbin shi ake raina wa, shi ne kuma yake fitar da mutum kunya ranar da aka tsare shi da tambaya.

Mu zo kan "shekarar canjin kuɗi." Wace daga ciki? An canza takardun kuɗi a 1968 lokacin yaƙin basasa. An bar fam da sule aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973. An sake canza launin naira a 1984, ga kuma na bayan nan da aka fara a ƙarshen 2022. Dattijo yana da gaskiya, kai ne za ka bi shi a hankali: Baba, kafin a kashe Murtala ne ko bayan? Wannan 13 ga Fabrairu 1976 ke nan. An riga an yi canjin hannu a titi? Afrilun 1972. Kuɗin Udoji ya fito? Farkon 1975 ya shiga aljihun ma'aikata. Tambaya biyu ko uku, sai ka ga shekara ashirin ta tsuke ta koma uku.

Sannan ita kanta takardar tana magana ko da gara ta ci kusurwarta. Duba kan sarkin da aka manna, duba hatimi, duba kuɗin da aka ambata. In an rubuta naira, ba ta gabaci 1973 ba. Amma ka yi hattara da akasin haka: in an rubuta fam, wannan bai tabbatar da cewa kafin 1973 ba ne, domin mutanenmu sun daɗe suna ciniki da bakin fam suna nufin naira biyu. In hatimin ya ce Jihar Kano, ba ta gabaci Mayun 1967 ba. Duk abin da ka gano ta wannan hanyar, sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar [1973-1975], don mai karatu ya san kai ka kawo, ba marubucin takardar ba.

Ta Hijira kuma kada ka kuskura ka goge ta ka sa ta Miladiyya a madadinta. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka kusan kullum ƙafarta ɗaya tana cikin wata shekarar Miladiyya, ɗayar tana cikin ta gaba. 1400 ta kama a Nuwamban 1979 ta ƙare a Nuwamban 1980. Ko an ba ka rana da wata, bar sararin kwana ɗaya ko biyu, tunda da ganin wata ake tafiya, kuma kwana yana shiga ne daga magariba. In ka ci karo da tsohuwar takardar ajami da aka rubuta shekara da ramzi, wato da haruffa a madadin lambobi, nemi malamin da ya sani. Malamanmu lissafin ƙasashen Magariba, wato Arewacin Afirka, suke bi, inda shinun take dubu. Shinun da ra da lam da ba sun ba da 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu, wato 1817. Wanda ya bi lissafin Gabas, inda shinun take 300, sai ya fito maka da 532 yana rantsuwa.

Akwai ma ƙa'idar duniya a kan wannan, ana ce mata EDTF. Babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya tsara ta, ta shiga cikin ISO 8601, tsarin duniya na rubuta kwanan wata, a 2019. A cikinta 1975? na nufin ana shakka, 1975~ na nufin wajejen, 197X na nufin wata shekara cikin goman nan, 1973/1975 kuma tsakani. Tana da lambobi na yanayin shekara, amma na ƙasashen Turai ne, babu damina babu bazara. "Daminar 1975" sai ka rubuta ta 1975-05/1975-10.

In mai manhajar ya ce ba za a iya gyara ba, ko ya fara ja maka rai, to cike gurbin tilas ɗin da ranar farko, amma ka fara sunan takardar da kalmar ƘIYASI da manyan baƙaƙe, yadda duk jerin da aka buga sai ta fito a kai.

Tambaya: Baba ina wuni. Ina shigar da sunayen 'yan ƙungiyarmu ta mata a Maraɗi. Takardun haihuwar iyayenmu da yawa "née vers 1952" aka rubuta, wato wajejen 1952, amma katin wasunsu na ɗauke da 01/01/1952. Wanne zan bi? 'Yarka.

Amsa: Lafiya lau 'yata. Duka biyun, kowanne a gurbinsa. Na kati ki kwafe shi yadda yake, domin da shi banki da hukuma za su gwada, in ya saɓa a wahalar da baiwar Allah. Na takardar haihuwa ki rubuta 1952~ a gefe, tare da kalmomin Faransancin yadda suke. In kuma za ku jera su don sanin wa ta girmi wa, kada ki bi kati. Ki tara su ki tambaya, su sun san wadda ta goyi wata.