Tasha, Tsaya da Maganar Kifi

Wani mai karatu daga Zariya yana tambaya: shin "tasha" daga "tashi" ta fito, tunda daga can motoci ke tashi?

A'a, malam. Kunnenka ma zai gaya maka: ana jan "ta" ɗin tashi, ba a jan na tasha. Kalmar aro ce daga "station" ta Ingilishi. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, ko dai ya yar da ɗaya, kamar a tasha, ko ya cusa wasali tsakani, kamar yadda "store" ta koma sito.

Abin dariyar shi ne asalin kalmar tsayuwa yake nufi. Ingilishi ya samo ta daga Latin, inda "stare" ke nufin tsayawa. Ita ma Latin gado ta ci daga wani tsohon harshe da masana ke ganin an yi magana da shi kimanin shekaru 6,000 da suka wuce, kakan harsuna da yawa na Indiya da Turai. Ba a taɓa rubuta shi ba. Kwatanta jikokinsa aka yi aka gano saiwar kalmar, shi ya sa ake sa mata tauraro a gaba: *sta-. Tun a 1786 wani masani ɗan Birtaniya, William Jones, ya faɗa a Kalkata ta Indiya cewa Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin tsatsonsu ɗaya. Daga saiwar nan Sanskirit ta sami "stha", Jamusanci "stehen", Ingilishi "stand" da "state". Har "stan" ɗin Pakistan da Afganistan, wadda a Farisanci ke nufin wuri ko ƙasa, 'yar ɗakinsu ce. Wato ɗan kamasho da ke ihu a tashar mota da mutumin Pakistan suna riƙe da wutsiyar kalma ɗaya, babu wanda ya sani a cikinsu.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ce to ashe "tsaya" da "stay" ma dangi ne.

Nan kam ki ja birki. "Stay" jikar waccan saiwa ce, "tsaya" kuwa tamu ce, kuma Hausa cikin rukunin harsunan da ake kira na Cadi take, danginta na nesa su ne Larabci da harshen Buzaye. Kama da wane ba ta wane. Masu yawo da irin wannan lissafi a Facebook sun ishe ni. Kalma biyu sun yi kama, shi ke nan an ɗaura musu aure.

Wani kuma na neman ma'anar "zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi".

Kifin da ya tsaya shi masunci ke kamawa. Matafiya da 'yan ci-rani ne suka fi faɗinta.