Dasashina ya ja baya, zai dawo kuwa? Amsoshin likitan haƙori

Wasiƙu uku ne suka zo daga jihar Kebbi a kan matsala ɗaya, sai na haɗa su wuri guda.

Daga Argungu: "Likita, shekarata 34. Sau uku nake goge baki a rana, har da gawayi da gishiri, amma fiƙoƙina sun ƙara tsawo. In na sha ruwan randa sai in ji tsam har cikin kai."

Malam, haƙorinka bai ƙara tsawo ba, dasashin da ke rufe gindinsa ne ya ja baya. Saiwar haƙori ba ta da farin ɓawon nan mai tauri da ke kare samansa, shi ya sa da ta fito fili sanyi ke ratsa ta. Sa farce a gindin fiƙar, wataƙila ka ji wani ɗan kwarmi kamar an zaga da wuƙa. Wannan aikin dirza ne. Ina yawan ganinsa a bakin masu tsabta, ba ƙazamai ba: buroshi mai tauri, gawayi, toka, a yi ta kai da komowa kamar ana wankin tukunya. Ka bar gawayin nan kwata-kwata. Nemi buroshi mai laushi, ka riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, minti 2, safe da dare. Man goge baki irin Sensodyne yana rage tsamin, amma sai an jure masa makonni, kuma in ka tofar kada ka kurkure. Asuwaki ba laifi, in dai an tauna kansa ya yi laushi sosai kuma ba a danna shi a kan nama ba.

Daga Jega: "Ina da ciwon suga. Dasashina na jini, bakina na wari, haƙoran ƙasa sun fara wushirya. An ce in je wankin haƙori, amma maƙwabciyata ta ce shi ke sa haƙori girgiɗa."

Hajiya, naki daban ne da na mutumin Argungu, kuma ya fi gaggawa. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori yana ƙanƙarewa ya zama kamar dutse, buroshi ba ya cire shi. Ƙwayoyin cuta su zauna ƙarƙashinsa, su kumbura dasashi, a hankali su cinye ƙashin da ke riƙe haƙori, naman kuma ya bi ƙashin ƙasa. Suga da ba a saita ba yana hura wutar, ciwon dasashin shi ma yana sa sugan ya ƙi sauka.

Maganar maƙwabciyarki na san tushenta. Idan ƙashi ya riga ya tafi, wannan dutsen ne ke tallabe haƙoran, da an kankare shi sai girgiɗin da yake ɓoye ya bayyana. Wankin bai kawo shi ba. Ki je sashen haƙori na Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ki tafi da sakamakon awon suganki, ki nemi a ɗauki hoton haƙoran. Ruwan gishiri mai ɗumi zai sa ki ji daɗi, iyakarsa ke nan.

Daga Zuru, wani ɗalibi: "Likita ya rubuta min 'Miller 1' a kati. Mene ne? Akwai maganin da ke tsiro da dasashi?"

Babu. Duk mai tallar garin da ke mayar da dasashi kuɗinka yake so. Naman da ya janye ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da shi ko a yi aiki.

Miller likita ne a Amurka da ya kasa matsalar gida 4 a 1985. A gida na 1 da na 2, ƙashi da ɗan tsinin naman da ke tsakanin haƙora suna nan lafiya, bambancin kawai zurfin janyewar, don haka ana sa ran rufe saiwar gaba ɗaya. A na 3 an fara rasa su, sai dai a rufe wani ɓangare. A na 4 ɓarnar ta yi nisa, ba a ma yi wa mutum alkawari. A 2011 wani likita mai suna Cairo da abokan aikinsa a Italiya suka kawo rabo na gida 3, shi ma abin da ya rage tsakanin haƙora yake dubawa.

Kai kana gidan sauƙi. Aikin shi ne a ɗebo ɗan nama daga ganɗa, wato rufin baki, a dasa a kan saiwar, ko a jawo dasashin kusa a ɗinke. Ƙwararren likitan dasashi ke yinsa, galibi a manyan asibitocin koyarwa. Ni dai ba na gaggawar tura Miller 1 tiyata in babu tsami kuma bai ɓata murmushi ba. A auna shi da milimita, a gyara goge baki, ka dawo bayan wata 6 a sake awo. In kana shan sigari ko kana tura garin taba a leɓe, faɗa wa likitan tun yanzu, domin dashen bai cika kamawa da kyau a bakin mai taba ba.