Tambayoyinku: Tsakanin Mawaƙi da Mai Haɗa Masa Kiɗa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon yawancin saƙonnin da suka shigo na matasan mawaƙa ne waɗanda ba su da kamfani ba su da ubangida, daga aljihunsu suke biyan situdiyo. Na zaɓi guda biyar, sunaye kuma na sakaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam yaya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya ina ɗan taɓa waƙa, bara na tara kuɗi na je wajen wani furodusa ya haɗa min kiɗa na ɗora murya ya yi miksin, wato ya daidaita muryar da kiɗan, na biya shi tsaf ko sisi ba ya bi na, waƙar ma ta ɗan shiga a makaranta. Kawai kwanan nan ina kallon TikTok sai na ji kiɗana sak a ƙarƙashin waƙar wani, ko ganga ɗaya ba a canza ba. Da na kira shi wai ai kuɗin aiki na biya ba kuɗin kiɗa ba. Dan Allah wa ke da gaskiya?

AMSA: Ƙanina na san abun da ciwo, kuma amsar da zan ba ka ba za ta yi maka daɗi ba, amma gara ka ji ta yanzu tun kana waƙa ta ɗaya. A mutunce bai kyauta ba, ko ba komai ya ci a ce ya faɗa maka tun ranar da kuka zauna. A doka kuma ya fi ka madafa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tafi ne a kan cewa wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi tun farko sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma sallama wa wani haƙƙin gaba ɗaya, ko ba shi izinin da babu wanda zai ƙara amfani da abun sai shi, ba ya zama sai a rubuce. To kai baitocinka da karin waƙarka naka ne ba mai taɓa maka, kiɗan kuwa shi ya zauna ya buga, tunda ba ku rubuta komai ba abun da ke hannunka izini ne na amfani. Kamar ka kai wa tela yadi ne, rigar taka ce amma salon ɗinkin nasa ne, gobe zai iya yi wa wani irinsa sai dai in kun yi da shi cewa kar ya yi.

Shi ya sa a harkar kiɗa ake da farashi biyu. Akwai haya, mai araha, furodusa ya ba ka ka hau ya kuma ba wasu. Akwai saye, mai tsada, wanda daga ranar kiɗan ya fita daga kasuwa. Matsalar situdiyoyinmu daga Zoo Road a Kano har Kaduna har Jos ita ce ba a cika furta wannan maganar ba, mawaƙi na jin kunya furodusa na jin nauyi, a ce ai mun zama ɗaya, sai waƙa ta fashe sannan kowa ya tuna yana da haƙƙi. Ni kam ban ga abun kunya a rubutu ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, balle kuma sana'ar da kake fatan ta ciyar da kai.

Abun da za ka yi yanzu, kar ka hau soshiyal midiya da zagi. Ka adana hirarku ta WhatsApp da alat ɗin kuɗin da ka tura da ranar da ka fara sakin waƙar. Dalili kuwa, in ɗayan mawaƙin ya riga ka kai tasa wajen masu rarraba waƙa ya sa ta cikin tsarin YouTube mai gane sauti, na'urar za ta iya kama taka waƙar ta ce kai ne ka kwafa, kuɗin talla ya riƙa tafiya wajensa, kuma sai da hujja za ka warware. Sannan ka samu furodusan, in da hali ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa, ya rubuta maka a takarda cewa da izininsa ka hau kiɗan kuma kana da damar sakawa a ko'ina, ya sa hannu da kwanan wata. Ka kuma tambaye shi tsakani da Allah shi ya buga kiɗan daga tushe ko sauko da shi ya yi daga intanet ya ɗan ƙara kalangu a kai, don in na biyun ne to shi kansa ba nasa ba ne, akwai wani can a Amurka ko Ingila da zai iya sa a sauke waƙoƙinku duka biyun. Waƙa ta gaba kuma tun ran gini ran zane, kafin ya kunna kwamfuta ka ce masa haya ne ko saye.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ni mawaƙiya ce daga Maraɗi. Ina ɗaukar murya a nan in tura wa wani mai miksin a Kano, amma duk waƙar da ya dawo min da ita sai in ji muryata a dishe kamar daga cikin rijiya, shi kuma ya ce laifin abun da nake turowa ne. Ko in canza shi?

AMSA: 'Yar'uwa kar ki yi saurin canza shi, ina kyautata zaton gaskiya ya faɗa miki. Ta yaya kike turawa? In a matsayin saƙon murya ne ko MP3 to tun a hanya an gama da ita, don waɗannan suna matse sauti ne su zubar da wani ɓangare nasa saboda ya yi sauƙin tafiya, kuma abun da aka zubar babu gwanin da zai dawo da shi. Ki ce wa wanda ke ɗaukar miki ya fitar da ita a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai bit 24, a kan 44.1 ko 48 kHz, duk wanda aka yi aikin a kai tun farko kar a canza, sai ki tura a matsayin dokumen ko ki ɗora a Google Drive ki ba shi link. Zai ci data amma ya fi miki biyan miksin sau biyu.

Kuma kowace murya daban. Babbar murya fayil ɗinta, amshi nasa, muryoyin da kike rufawa a baya nasu, in akwai guɗa ita ma daban, kuma dukkansu su fara daga farkon waƙar ko da amshi sai bayan minti ɗaya zai shigo, a bar shirun a ciki, ta haka yana jera su za su zauna daidai ba sai ya yi ta lalube ba. Kar a sa musu eko ko otatun, wato manhajar da ke gyara tashi da saukar murya, kafin a tura, in an riga an dafa su da eko ya shiga jikin muryar ba ya fita. A rubuta masa saurin kiɗan, a haɗa masa da waƙa ɗaya da kike son taki ta yi kama da ita wajen sauti, wannan ya fi ki ce masa ina so ta yi daɗi.

Ɗakin ma ki duba. Ɗakin siminti wanda babu komai a ciki yana mayar da murya, makirfo kuma yana kwashe wannan amon duka, watakila ma shi ne rijiyar da kike ji. A kashe fanka, a jingina katifa a bangon da ke bayanki, a rataya bargo, in inji ake amfani da shi a nisanta shi. Ki bar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinki da makirfo, mai ɗauka kuma ya lura kar fitilar sautin ta riƙa taɓa ja in kin ɗaga murya a amshi. In kin yi duk wannan ya sake dawo miki da ita a dishe, sannan ki nemi wani.

TAMBAYA: Oga na biya kuɗin waƙa biyu gaba ɗaya tun kafin azumi, har yau kullum gobe, yanzu ma ba ya ɗaga wayata. Me zan yi?

AMSA: Ka je da ƙafarka, da safe kafin situdiyo ta cika, ka ce ya yanka maka rana a gaban mutum ɗaya ko biyu, in ba zai iya ba ya zuba maka fayilolin muryarka da na kiɗan a filasha ya dawo da kuɗin miksin ka kai wani waje. Nan gaba kar ka sake biya duka. Rabi kafin alƙalami, ya turo maka samfuri ka ji, ciko sai ranar karɓar aiki, a kuma faɗi ranar tun farko da yawan gyaran da ke cikin kuɗin, biyu ko uku, abun da ya haura nan ka ƙara masa wani abu. Amma ɗan'uwa bari in tambaye ka, ka tabbata ba kai ka gajiyar da shi ba? Don na san halin wasunmu, a zo situdiyo ba a haddace baiti ba ana karantawa daga waya, a taho da abokai shida kowa da ra'ayinsa, a yi awa huɗu inji na shan mai a kan amshi ɗaya, sannan ƙarfe ɗayan dare a turo saƙo wai budurwata ta ce a ɗaga murya. Wannan bai ba shi damar riƙe maka aiki ba, ko kaɗan, amma in kana cikin masu wannan hali ka gyara, furodusa mai kyau yana fifita mawaƙin da ya zo a shirye ko da kuɗinsa bai kai na wani ba.

TAMBAYA: Ni furodusa ne a Jos, kullum mu ake zagi. Mawaƙi zai zo da baiti biyu ba kari ba komai, in zauna in gina masa waƙa har amshin ni zan gyara, ta fita ko sunana ba zai sa ba. Ku faɗa musu gaskiya mana.

AMSA: Na gode da ka rubuto, kuma ina bayanka a wannan. Wanda ya sa hannu a kari ko amshi ya shiga cikin marubutan waƙar, ba mai danna manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase kawai ba ne. Mawaƙa ku ji, sa sunan mai kiɗa da mai miksin a bayanin waƙa a Audiomack ko Boomplay ko YouTube ba ya rage muku komai, shi kuwa da wannan sunan yake samun kwastoma na gaba. Kai kuma malam ka daina jira sai an saki waƙa, ka ajiye takardar rabon kaso a situdiyo, shafi ɗaya ta isa, sunan waƙa, sunan kowa na gaskiya da na sana'a, abun da ya yi, kashi nawa cikin ɗari yake da shi, a sa hannu ranar da aka gama ɗauka lokacin kowa na cikin fara'a. Tunda Spotify ta shigo Najeriya a 2021 yaranmu da yawa suna ɗora waƙa ta hannun masu rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore, kuɗin kuma asusun wanda ya ɗora yake faɗawa, in ba ka da takarda sai abun da ya ga dama. Ka kuma bincika rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta MCSN, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna da irinta mai suna BNDA.

TAMBAYA: Meye bambancin miksin da mastarin, kuma ta ya zan san an yi min aiki mai kyau tunda a situdiyo komai daɗi yake?

AMSA: Miksin shi ne zaunar da kowane sauti a mazauninsa, murya, ganga, bes, fiyano, kar wani ya danne wani. Mastarin shi ne shafa ta ƙarshe a kan waƙar bayan ta zama dunƙule ɗaya, a daidaita ƙarfinta yadda ba za ta ji kunya ba in ta biyo bayan ta wani. Mutum ɗaya na iya yin duka biyun, haka ma aka fi yi a wajenmu, ba laifi. Kar dai ka matsa masa a kan ƙara, manhajoji irin su Spotify da YouTube suna rage wa waƙar da ta cika ƙara sauti da kansu, sai ka tashi da waƙa a matse kuma ba ta fi ta kowa ƙarfi ba.

Gwaji kuwa ka fito da ita daga situdiyo, sifikokin can an yi su ne don aiki, masu sauraronka ba su da irinsu. Ka saurara a sifikar waya ƙarama ka ji ko kalmominka na fita ɗaya bayan ɗaya, don waƙar Hausa in ba a jin baiti an yi asara. Ka sa a iyafis mai araha. Ka ba mai adaidaita sahu ya kunna kuna tafiya a kan titi, in bes ya cinye murya ko sifikar ta fara kaɗawa ka rubuta a daidai wane minti ne. In kana da abokin DJ ya jarraba ta a manyan sifikun biki kafin mutane su taru. Ka bar ta ta kwana ka sake ji da safe, sannan ka haɗa gyaranka duka a saƙo ɗaya, kamar a minti 1:20 amshi ya rufe ni, ba ka riƙa aikawa guntu-guntu ba.

Ranar biyan ciko ka tafi da filasha, ka karɓi waƙar a WAV da MP3, da kiɗan zalla ba murya saboda hawa dandamali, da muryar zalla, da rarrabbun sautukan, wato kowane sauti a fayil ɗinsa, in kun yi da shi haka tun farko don wasu suna cajin wannan daban. Kwamfutar situdiyo tana mutuwa, ana sace ta, ana goge tsofaffin ayyuka in waje ya cika, don haka ka ajiye kwafi ɗaya a gida ɗaya kuma a intanet a daren da ka karɓa.